Ranar da na sa maigida ya cire takalmi

Ko zan manta komai na farkon zamana a Kankiya, ba zan manta ranar da na sa maigida ya cire takalmi a gaban magini ba. Amma kafin ranar akwai damuwar da na daɗe ina ɗauke da ita. Ɗiyata ta fari ta haura shekara biyu ba ta iya tafiya sosai ba. Ƙafarta ta hagu ce ba ƙwari, in ta ɗaga sai ta dire ta a karkace. A asibiti suka ce mani za ta warware, a riƙa barinta tana taka ƙasa ba takalmi, amma a kiyaye kada ta faɗi ta baya ta bugu a ƙeya. Wannan magana ta ƙeya ita ta zauna mani a ƙirji. Ko tuwo nake tuƙawa, idona guda yana kanta.

Tsakar gidanmu a lokacin ƙasa ce. Da an yi ruwa sai ta koma taɓo, mu yi ta jera bulo muna tsallakawa. Da damina ta ƙarato, maigida ya ce ya gaji, za a shimfiɗe ta. Wata ranar kasuwa ya shigo da abu biyu a hannu ya ajiye a gindin bishiyar bedi. Ɗaya tayil ne fari, sumul, har fuskata nake gani a ciki. Ɗayan fallen dutse ne mai ruwan ƙasa, gefensa ba daidai ba, kamar an ɓanɓaro shi daga jikin tsauni.

"Ga su nan, ki duba," in ji shi, yana shafa tayil ɗin da tafin hannu. "Irin wannan na gani a wani gida a Katsina. In aka wanke shi sai ki rantse madubi ne."

Na gane ya riga ya zaɓa. Na ce, "Duk wanda ka ga ya dace, Malam." Haka na saba. Ni da na baro Kusada ko firamare ban gama ba, me na sani a kan gini?

Magini zai zo bayan kwana uku. Na ja abubuwan nan biyu na kai su wajen wanke-wanke don kada su tare hanya, kuma a nan na fara ganin abin da ba a tambaye ni ba. Ranar farko ruwan sabulu ya fallatsa masu. Wata kazata ta zo wucewa ta hau tayil ɗin, ƙafafunta suka rabu, ta yi zaman dirshan tana kyarkyara. Na yi dariya, sai na daina, don na hango ɗiyata a wurin kazar. Kashegari da rana tsaka na taka su duka biyun ba takalmi. Dutsen ya ɗauki zafi, ba zan ɓoye ba, kuma ɗigon manja da ya zuba mashi ya shige ciki ya ƙi fita, alhali tayil ɗin shafa ɗaya ya koma fes. To amma da na jiƙa su na sake takawa, dutsen ya riƙe tafin ƙafata, tayil ɗin kau ya nemi ya kai ni ƙasa.

Na kai maganar wajen Inna, mahaifiyar maigida, wadda ɗiyar tawa ta ci sunanta. Tana tsinke zogale ta ce, "Mu da muka yi daɓe da hannunmu, da ƙafa muke gane ya yi, ba da ido ba. Ki faɗa mashi mana."

"Inna, ya riga ya sa rai."

"To sai ki zaɓa, ransa ko ƙeyar takwarata."

Ranar da magini ya zo, da hantsi ne. Dattijo ne mai furfura a gemu. Na sa hijabi na raɓe a bakin madafa, ɗiyata tana riƙe da zanena. Ina ji maigida yana cewa farin za a sa, daga bakin zaure har ƙofar ɗakin Inna. Magini ya fara auna ƙasa da igiya. Ban san lokacin da na ɗauko kwanon ruwan wanke-wanke ba. Na zo na kwarara shi a kan tayil da dutsen, na ja da baya.

"Malam, don Allah ka cire takalmi ka taka."

Ya dube ni, ya dubi magini. "Ke lafiya?"

"Lafiya lau. Kai da takalmi kake ratsa tsakar gidan nan, safe da yamma. Mu a kanta muke wuni, kuma ba ta taɓa bushewa. Ka taka kawai, yadda Mamanka za ta taka." Haka yake kiran yarinyar, Mamana.

Na ɗauka zai yi faɗa. Sai kawai ya zare takalmin. Ya taka dutsen, ya tsaya daram. Ya ɗora ƙafa a kan tayil ɗin ya sakar mashi nauyi, sai ƙafar ta tafi ta bar shi. Igiyar shanya ya cafko, zannuwana biyu suka sauko mashi a ka. Inna daga ƙofar ɗakinta ta ce, "Sannu, madubin ne ya ture ka?"

Magini ya kauda kai yana gyara hula. Da ya gama cin dariyarsa a ciki ya ce, "Alhaji, gaskiyar Hajiya ce. Wannan na cikin ɗaki ne. Akwai tayil na waje mai kaushi, amma in turmi zai riƙa sauka kusa da shi, wata rana zai tsage. Ni abin da aka ce in sa nake sawa, ba a cika tambayata ba."

Maigida ya juyo wajenmu. Ya ɗauki yarinyar ya tsayar da ita a kan jiƙaƙƙen dutsen, ya saki hannunta a hankali. Ta tsaya, 'yan yatsun ƙafarta sun kama shi. Ya daɗe yana kallon ƙafar nan ta hagu, sannan ya ce wa magini, "A sa dutse. Wanda ya fi haske, saboda rana." Na ƙara da cewa a bar mani ƙasa a gindin bedi, wurin turmi da wurin wasan yarinyar in rana ta take. Aka bari.

Dutsen bai zo ba aibi ba. Ya sha goge mata gwiwa, shara tana maƙalewa a tsakaninsa, tabon manja kuma har yau yana nan kamar taswira. Amma a kansa ta koyi tafiya a cikin daminar nan, daga madafa zuwa ɗakin Inna, ana yayyafi, ni ina biye da hannuwa a buɗe ba ta buƙace su ba. Yanzu da gudu take ratsa shi ta tafi makaranta.

Abin da na koya shi ne, wanda yake wuni a kan ƙasa ya san ta, ko bai yi karatu ba, kuma shirun da nake kira ladabi ya kusa ja wa ɗiyata abin da nake tsoro. Roƙona gare ku, in za ku shimfiɗe tsakar gida, ku jiƙa abin da ruwan sabulu, ku cire takalmi ku taka, sannan ku tambayi wadda za ta wuni a kansa.