Abdou da Hanyar Rumawa

Abdou mutumin Maraɗi ne, aminina. Kafin ya zo New York ya zauna a Italiya, yana shara a wani ɗan gidan tarihi da ke bakin tsohuwar hanyar Rumawa, inda baƙi ke shiga a yi musu bayani. Yana shara yana saurare, har ya haddace.

In ya zo shagon ɗinkina a Harlem, da zancen yake shigowa.

"Dikko, duwatsun nan sun girmi kakan kakanka, kuma har yau ana taka su!"

"To Sarkin Rum, tashi daga kan yadin mutane."

Amma ba duwatsun ne suka tsaya masa a rai ba. Ya ce a gefen hanya Rumawa ke binne matattunsu, su sassaƙa suna don mai wucewa ya karanta. Wasu sunayen ruwan sama ya cinye su. Waɗannan ba ya iya kallonsu.

A nan New York, abinci yake kai wa mutane a keke. Da yake ba shi da takardu, da suna da rajistar wani ɗan Ghana, Yussif, yake aiki. Yakan ce, "In mota ta kwashe ni a titin Fordham, wa za a ce ya mutu?" Sai in ce ya daina mugun fata.

Wata Talata da hantsi ya fita, bai dawo ba. Muka yi ta kiran asibitoci, babu Abdou. Yussif ya kashe wayarsa. Limaminmu ya ce gawar da ba a nema ba, wani tsibiri ake kai ta a binne, ba wanka, ba salla.

Ni ma ba ni da takardu, amma na ce zan je ɗakin ajiye gawa in duba. Matata ta riƙe mini riga. "Malam, in suka tambayi naka fa?"

A ƙofar ɗakin ajiye gawa na tsaya, mai gadi yana kallona. Na juya, na sake dawowa, na shiga.

Na kwatanta shi ga wata ma'aikaciya, ta nuna mini hoto. Shi ne, ɗan'uwana, kamar yana barci.

Ta ce, "Yussif?"

Na ce, "A'a. Abdou, ɗan Sa'idu." Na sa ta maimaita har ta faɗa daidai. Sai ta tambayi sunana da inda nake zaune. Na gaya mata.

Ranar Juma'a muka sallace shi. Har yau in an ƙwanƙwasa mana ƙofa, gabana sai ya faɗi.