Sunan da Ya Riga Isa Maraɗi

Maharazu Bugaje yana da shekara arba'in da bakwai, kuma shi ne sakataren ƙungiyar direbobin manyan motoci a Magama, bakin iyakar Jibiya da Nijar. Bai taɓa tuƙa mota ba. Tun yana saurayi aikinsa bin takarda ne: ya karɓa daga hannun direba, ya kai wannan tebur, ya tsaya a kan wancan har a buga hatimi. Yakan ce abin da aikin ya koya masa shi ne takardar da aka bari ita kaɗai ba ta motsi.

A ƙarshen 2011 ya shawo kan shugabannin ƙungiya aka yarda a buɗe shafin intanet, inda 'yan kasuwar Kano da Maraɗi za su ga lambobin direbobi da ranakun lodi. Taubashinsa Zunnuraini ne ya haɗa shafin, a shagonsa na intanet da ke cikin wani tsohon gidan giya da aka rufe shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a. Adireshin farko ya cika tsawo, sai suka sayi gajeren suna daga wani kamfani a Legas. Ranar Laraba Zunnuraini ya shigar da lambobin da za su nuna wa sabon sunan inda shafin yake, ya ce a ba shi kwana ɗaya ko biyu ya bazu.

Shi kuwa Maharazu ya riga ya sa an buga sunan a kalanda ɗari biyar. Ranar Lahadi za a raba su a taron ƙungiya. Idan shafin bai buɗe ba, ya san direbobi za su shekara suna nuna masa kalandar suna dariya, kuma ba wanda zai sake sauraron shawararsa.

Alhamis ta wuce, shafi bai buɗe ba. Juma'a ma haka. Ranar Asabar da hantsi Zunnuraini ya duba tarihin asusunsu na kamfanin Legas, ya ga an goge lambobin an sake shigar da su sau goma sha ɗaya.

"Taubashi, wa ke taɓa wanga abu?"

"Ni ne mana," in ji Maharazu. "Duk sadda ka tahi sallah sai in goge in sake turawa, don su san muna nan."

"Su wa?"

"Masu ofis ɗin. Ai in ba ka matsa ba, ƙasan tebur za su sa ka."

Zunnuraini ya yi dariya har ya dafe bango. "Bawan Allah, ba kowa can! Injuna ne ke gaya wa juna labari. Kullum ka goge, sai su ɗauki labarin babu shafi su riƙe, su ƙi sake tambaya sai bayan awoyi. Kai ne ke mai da kanka ƙarshen layi."

"To wa za a gani?"

"Ba wanda za a gani. Ka ga hannunka? Shi za ka sa aljihu."

Ya canza kalmar sirri, ya kori taubashinsa daga shagon. Maharazu ya koma rumfar ƙungiya ya zauna, yana ta karkaɗa ƙafa. Ya ce bai taɓa yin wuni mai wuya irin wannan ba.

Bayan la'asar wayarsa ta yi ƙara. Rabe ne, wani direba ɗan Maraɗi, inda ake ce wa kwamfuta ordinatar.

"Sakatare, na ga hotona cikin ordinatar! Amma wa ya ce ka sa wanda ban da hula?"

Maharazu ya ruga shago. A can har yanzu ba komai. Zunnuraini ya yi masa bayani: layin Nijar bai taɓa neman sunan ba sai yau, don haka ya samu sabon labari, layin shagon kuwa yana riƙe da tsoho saboda yawan dubawar da aka yi. Ya ciro layin Nijar daga wayarsa ta biyu, ya sa a modem, shafi ya fito tsaf.

Ranar Lahadi layin shagon bai gama sakin tsohon labarin ba. Maharazu ya ari kwamfutar hannu ta Zunnuraini da modem ɗin mai layin Nijar, ya sa aka ja teburin taro zuwa gefen rumfa ta arewa, inda sabis ɗin Nijar ya fi ƙarfi. Ya miƙa wa shugaban ƙungiya kalanda, ya ce ya karanto sunan da kansa, shi kuma yana bugawa da yatsa ɗaya. Shafi ya buɗe, direbobi suka yi caa a kai, kowa na neman lambarsa. Maharazu ya kwance ɗaurin kalanda ya fara rabawa, tun daga dattawa.