Guga Ashirin na Daouda Mai Rijiya

Ranar da Saadatou ta fara dafa wa ma'aikata abinci a wata gona a Samnu, wata biyu da fita takaba, murhunta a tsakiyar rana yake. Wani dogon mutum ya zo, ya kwance rawaninsa ya ɗaura tsakanin dabino biyu, inuwa ta sauka a kanta. Daouda ke nan, mahaƙin rijiya, mutumin Bouza. Shekararsa goma sha ɗaya a nan ƙasar Sabha.

Yana da wata al'ada. In aka fitar da guga ashirin na ƙasa, sai ya sa a kashe injin da ke zuƙe ruwa, ya ajiye diga, ya zauna a ƙasan rijiyar ya jingina kunne da bango. Djafarou mai jan igiya yakan leƙa ya ce, "Sarkin hutu, a kawo maka matashi ne?"

"Kai dai ja igiyarka. Rijiya tana magana kafin ta faɗi, amma wanda ya gaji ba ya ji."

A bazarar da tsohuwar rijiyar gonar ta ƙafe, ganyen dabino ya fara ƙonewa. Haj Milad, mai gonar, ya zo ya riƙe hannun Daouda. Ba faɗa ya yi ba, roƙo ya yi a gaggauta haƙa sabuwar rijiya, don itatuwan mahaifinsa ne ya dasa su. Daouda ya ji kunya, ya daina zaman nan nasa.

Saadatou ba ta iya yi masa magana ba, sai dai ta riƙa ƙirga gugan da carbinta. Rana ta uku, da hantsi, ta ƙirga sittin da huɗu, injin bai tsaya ba. Ta kai musu ruwan sha, sai ta ga wata siririyar tsaga a bakin rijiyar, wadda babu ita da safe, yashi yana zirarewa ciki kamar gero daga buhun da ya huje. Ta kira Djafarou, ƙarar injin ta haɗiye muryarta. Ta sake kira, ko waiwaye bai yi ba.

Ba ta taɓa taɓa injin nan ba. Tana salati, ta murɗa abin da ta saba ganin suna murɗawa. Komai ya yi tsit.

"Yaya, wa ya sa ki?" in ji Djafarou.

Kafin ta amsa, muryar Daouda ta fito daga ƙasa, ba irin wadda suka sani ba.

"Ja ni! Djafarou, ja ni!"

Su biyu suka ja, igiyar ta sale mata tafin hannu. Kansa ya fito ke nan bangon ya rufta, ya danne masa ƙafar hagu. Da ƙyar suka zaro shi. Har yau yana ɗingishi, kuma har yau yana haƙa.

Ranar da ya dawo daga asibiti, ya zo bakin murhunta da sanda, ya daɗe yana kallon carbin da ke wuyan hannunta.

"Yaya Saadatou, ni na san kaina, in aka roƙe ni ba na iya cewa a'a. Ki ci gaba da ƙirga mini. In ya kai ashirin ban tsaya ba, ki kashe injin, ko ni na ce ki bari."