Sannu Kawai Na Ce Masa

A wancan lokaci ni saurayi ne ɗan unguwar Nima a ƙasar Gana, mai ɗaukar hoto, mai rawar kai. Da hoton biki da suna na fara, har ranar da na ɗauki sojoji a ɓoye suna yi wa mata bulala a Kasuwar Makola, wani Bature ya saya. Shi ke nan ido ya buɗe. Ba jaridar da ta ɗauke ni aiki. Inda aka ce ana harbi can nake nufa, in sayar wa wanda ya taya. Mahaifiyata ta sha gaya mini tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ni kuwa dariya nake yi.

Da yaƙi ya ɓarke a Laberiya sai na tafi. Wata rana da hantsi na isa shingen 'yan tawaye a hanyar fita birni. An jera mutane ana tambayar kowa ƙabilarsa. Wanda aka gane Musulmi ne ɗan kasuwa, ko ɗan Gana, sai a ja shi bayan wata ƙonanniyar mota. Gawarwaki na kwance a kwata, ƙudaje sun rufe su. Ni katin 'yan jarida ya kare ni, da sunan Turancin da nake aiki da shi, ga su kuma da son hoto.

A layin nan na hango wani dattijo na unguwar Mamobi da ke kusa da tamu, bafataken goro, aminin mahaifina. Ya aske gemu, ya yar da hula, ya rataya kuros irin na Kirista a wuya. Da ya gan ni sai ya kau da kai. Da mai hankali ne ni da na gane. Amma mu a zango, wato unguwannin Hausawa, ba a wuce babba ba gaisuwa, da duka aka koya mini haka. Kafin in yi tunani na rusuna na ce Baba sannu. Shi ma bakinsa ya riga shi, ya ce yauwa ɗana.

Shugaban shingen ya ji, ya tambaye ni wane yare ne wannan. Tsoro ya kama ni, na ce ban san mutumin ba, gaisuwa ce na tsinta a kasuwa, gwada shi na yi. Suka fisge kuros ɗin, suka duba goshinsa suka ga tabon sujada. Suka yi ta dukansa da gindin bindiga har haƙoransa suka zube. Shugaban ya dafa kafaɗata ya ce na yi aiki mai kyau, in ɗauki hoto. Na ɗauka. Dattijon yana kalmar shahada yana kallona suka harbe shi a ka. Abin da ya fi ci mini rai, hannuna ko rawa bai yi ba, har saiti na gyara.

Da na dawo Nima na ƙone fim ɗin. Matarsa ta zo har gida ta tambaye ni ko na yi kiciɓis da shi, tunda ƙasar na je. Na dubi idonta na ce a'a.

Yanzu na san cewa gaisuwar kuskure ce, amma ƙarya biyun da suka biyo baya da gangan na yi su. Ina jan kunnen samari masu sha'awar wannan sana'a: a fagen yaƙi in naka ya kau da kai, ka wuce shi. In kuwa Allah ya sa ka shaida mutuwar wani, ka kai wa iyalinsa labari komai ɗacinsa. Ni na yi ta cewa gobe. Matar ta rasu ba ta yi masa takaba ba, tana jiran ya dawo.