Matar da ta riƙa katse mini labarun rana

Shekara huɗu na yi ina karanta labarun ƙarfe ɗaya na rana a wani ƙaramin gidan rediyo a Buza. Kafin nan malamin lekol ne ni, wato makarantar boko, shi ya sa har yau kowa Mushe yake ce mini, yadda ake kiran malamai a nan. Aikin shi ne in buɗe shafin labarai na faransanci a ordinatar, wato kwamfuta, ido na karantawa, baki na juyawa zuwa Hausa cikin mikuro. Na'urar buga takardarmu ta mutu tun kafin in zo, an lulluɓe ta da tsohon ɗankwali, a kanta muke ajiye kofunan shayi.

Mu biyu ne a ɗakin, ni da Hajiya mai kula da na'urar sauti. Ta girme ni da kusan shekara goma, kuma ba ta magana sai ta kama dole. Ordinatar ɗin a haɗe take da na'urarta, don in akwai jawabin wani babba mu sa shi kai tsaye. Wato duk abin da ordinatar ta furta, ya isa kunnen manoma har Deule.

Wata rana da damina ina tsakiyar labarin tsutsar da ke cin zangarniyar gero, sai wani bidiyo ya buɗe kansa a saman shafin, ba wanda ya taɓa shi. Kiɗa ya tashi. Wata mata mai fararen haƙora ta ɗaga kwalba, ta tambaya da faransanci, da iyakar muryarta, ko tumbina ya hana ni ganin yatsun ƙafata. Na ja shafin ƙasa da sauri don in bar ta a sama. Sai ta ƙanƙance, ta sauko kusurwar allo, ta zauna daidai kan ƙarshen layukan da nake karantawa. Na ƙara ja, ta ƙara biyo ni. Akwai ɗan gicciyen rufewa a gefenta, bai kai ƙwayar riɗi ba. Na kai masa hannu na kuskure, sai ta cika allon gaba ɗaya. Kafin Hajiya ta rage sauti, matar ta riga ta gama bayanin yadda ake shan maganin safe da yamma.

Da a nan ya tsaya da sauƙi. Amma direktanmu mutum ne mai tumbi na gaske, irin wanda ke riga mai shi shiga ɗaki. Waɗanda suka ji faransanci a gari suka fassara wa waɗanda ba su ji ba, kuma kafin la'asar an yanke hukunci a teburin mai shayi cewa da gangan na yi.

Ya kira ni buronsa, wato ofishinsa.

"Mushe, wa ta wagga mata?"

"Ranka shi daɗe, ban san ta ba. Kanta taka kawowa."

"Kuma duk cikin ciwukkan duniya ba ta san kowanne ba sai na tumbi?"

Na kafa ido a kan kalandar bango, don in na kalli ƙasa tumbin zan gani.

Na shiga neman dabara. Da farko na manna ƴar takarda a kusurwar allo. Ta rufe fuskar matar, ta rufe mini rabin labarin, muryar kuwa tana nan daram. Sai na kashe sautin ordinatar gaba ɗaya, na samu kwana uku na lafiya. A na huɗu na sanar da murya mai nauyi cewa yanzu za a ji jawabin wani babban jami'i, na danna, na manta sautin a kashe yake. Rediyo ta yi tsit kusan minti biyu, ina kallon bakin mutumin yana motsi ina gyaɗa kai. Mutane biyu suka bugo waya suna tambayar wa ya rasu.

Ranar kasuwa wani dattijo ya zo daga Deule, mai saurarenmu ne na kullum. Alhaji ne, amma kowa ya san kakanninsa su ne masu kula da wuraren tsafin garinsu a da, shi ma ba ya ɓoyewa. Ya ce ya zo ya ga mai katse labarai da idonsa. Na buɗe masa shafin. Ta fito. Na ja ƙasa, ta biyo. Na ja sama, ta koma. Ya daɗe yana kallo, haɓa a kan sanda.

"Mushe, wagga ta san ka," in ji shi. "Da kakana na da rai, baƙin bunsuru guda ya ishe ta. Ni kau na tuba, ba ni iya maka komi."

A nan ne Hajiya ta fashe da dariya, har ta cire abin sauraren da ke kunnenta. Ban taɓa jin dariyarta ba sai ranar. Ta ce in matsa.

Ta danna wasu ɗigo uku a saman allo, ta shiga inda ake saita burauza, ta nemo wurin da aka ba shafuka izinin kunna bidiyo da sauti da kansu, ta hana. Ta koma shafin. Matar ta fito, amma a daskare, baki buɗe, kwalba a sama, ba kiɗa ba magana. Sannan Hajiya ta nuna mini wata ƴar alama mai kama da takarda kusa da inda ake rubuta adireshi. Ta danna, sai komai ya ɓace, hoto da talla da matar, ya rage rubutu baƙi a kan fari. Duka bai kai lokacin shan kofin shayi ɗaya ba.

"Hajiya, tun yaushe kinka san wanga?"

"Tun wani horo da anka tura ni Tawa, shekaran bara."

"Sati ukku ina wahala gabanki!"

"Ka tambayi direkta, ka tambayi mai gyaran waya, yau ga ka kana tambayar Baba. Ni ka tambaye ni?"

Dattijon ya tashi ya gaishe ta da hannu biyu a ƙirji, ya ce ashe har yanzu akwai masu aikin a ƙasar nan, sun dai bar yanka. Ya tafi kasuwa, kuma a ranar labarin ya riga shi isa gida.

Bayan sati guda direkta ya sami ordinatar tasa a buro. Ba a jima ba muka fara jiyo muryar matar ta bango, tana yi masa tambayarta shi kaɗai. Ya fi ƙarfin ya nemi taimako wurin waɗanda ke ƙarƙashinsa, sai ya riƙa rufe ƙofa yana tari da ƙarfi. Na ce wa Hajiya ko za ta je ta gyara masa, ladan nan ba kaɗan ba ne.

Ta mai da abin saurarenta kunne, ta ɗaga mini yatsa alamar saura minti ɗaya mu fara labarai.

"In ya tambaya," ta ce.

Har na bar aikin na koma Madawa bai tambaya ba.