Ranar da Damata Ta Bar wa Ango Falonta

Duk wanda ya zauna a titin Grand Concourse, nan ƙasar Turawa, ko bai san fuskar Damata ba ya san muryarta. 'Yar Zangon Kumasi ce. Aikinta kula da tsofaffi a gidajensu, amma abin da take ji da shi shi ne haɗa wa amare walima a falonta. Ba ta jiran a nemi shawararta, kuma kaiton baƙon da ya bar mata saura a faranti.

Allah bai ba ta haihuwa ba. Sherifa, 'yar maƙwabciyarta da ta rasu, ita ta riƙe tun tana firamare. Amma da bikin auren Sherifa ya matso, sai gwaggonnin yarinyar suka taso daga unguwar Stapleton suna kiran Damata "mai masaukinmu". Abin ya ci mata rai ƙwarai, ta dai haɗiye.

Sherifa ta ce walima irin ta nan take so, ango da amarya zaune tare ana miƙo musu kyaututtuka. Damata ta ce an gama. Ta dafa shinkafa da wake irin na Kumasi, da yajin shito, ta cika faranti ta dire gaban ango Hamidou, mutumin Maraɗi mai shagon waya a Harlem. Ya sunkuyar da kai, ko cokali bai taɓa ba. Ta ƙara tura masa, ya ƙara noƙewa.

Idon Sherifa ya kawo ruwa. Ta ce, "Mma, he doesn't like our food?"

Damata ta riƙe ƙugu. "Malam, me abincina ya yi maka?"

Yayar ango, Rabi'atu, ta yi dariya. "Hajiya, ina kika ga namiji ya ci abinci gaban surukuwa tai? Kumya ce. Tun ɗazu yana cin cincin gaban kowa, ke kika shigo ya tsame hannu."

Damata ta san al'adar sarai, ba ta dai taɓa zaton wata rana ita za a yi wa ba. Daɗi ya kama ta. Ta dubi gwaggonnin ɗaya bayan ɗaya, ta gyara mayafi, ta fita ta tsaya bakin lif.

Wani maƙwabci ya tambaye ta me take yi a waje ana biki a gidanta.

Ta ce, yadda duk benen zai ji, "Surukina ke cin abinci."