Wata Bakwai Yana Gaishe Su

Yayana ya yi shekara talatin da ɗaya a cikin wani ɗan akwatin gilashi, can ƙololuwar injin ɗaga kaya na wata ma'ajiyar kwantenoni. Abokan aikinsa Na Sama suke ce masa, wasu har suka bar aikin ba su san ainihin sunansa ba. Da safe ya hau tsani mai matakala tamanin da gorar ruwa da ƙunshin abinci, ba ya saukowa sai yamma. Kusa da gwiwarsa akwai oba-obar kamfani, ita ke kawo masa umarni daga ƙasa: ɗaga, sassauta, dama kaɗan, ajiye. Shi kuwa kalma ɗaya ake buƙata daga bakinsa, wato "to". Ya taɓa gaya mini cewa don haka ya zaɓi aikin.

Yaya yana da in'ina, mai nauyi kuwa. Idan kalma ta maƙale masa sai haɓarsa ta kama rawa, ya runtse ido, ya riƙa buga cinya da tafin hannu har ta fito. Mutane ba sa jira. Ƙarasa masa magana suke yi, kuma sau da yawa ba abin da zai faɗa suke ƙarasawa ba. A wannan fagen ni ne gwani tun muna yara. Mahaifiyarmu takan ce ni na kwashe bakin gidan gaba ɗaya na bar wa Yaya kunne. Mutum ɗaya na sani da ke zama ta jira shi har ya kai aya, ita ce matarsa, ta kuma rasu saura shekara biyu ya yi ritaya.

Bayan ritaya ya koma ɗaki biyunsa da ke bayan ma'ajiyar, a wani kwari inda ruwa ke kwanciya da damina. 'Yarsa ma'aikaciyar jinya ce, tana leƙo shi in ta tashi daga aiki. Ita ce ta fara kawo mini ƙara.

"Baba ƙarami, yayanka fa sai ya wuni bai ce uffan ba. Ko rediyo ba ya kunnawa."

"Yaushe ya taɓa cewa uffan ɗin?" na ce. "Ki bar shi ya huta."

Ashe akwai abin da yake ƙullawa. Mai gyaran oba-obar kamfaninsu ya taɓa ba shi labarin wata ƙungiya ta masu sha'awar rediyo, mutanen da ba sana'arsu ba ce, suna dai magana da juna ta iska don jin daɗi. Sai mutum ya ci jarrabawa a ba shi lasisi da lambar kira, 'yan haruffa da lambobi waɗanda da su za a san shi. Yaya ya sayi littafin, ya yi wata huɗu yana karatu da tabarau a kan hanci. Jarrabawar a rubuce take, ba a nemi ya buɗe baki ba, ya kuwa ci. Ya sa lasisin a firam ya rataye kusa da hoton matarsa, sannan ya sayi oba-oba baƙa, tsawon tafin hannu, mai siririyar eriya.

Irin wannan ƙaramar ba ta jefa murya da nisa, balle daga kwari. Shi ya sa ƙungiyar ta kafa wata na'ura a rufin bene mafi tsawo a garin, suna ce mata rifita. Ita ke cafke muryar mutum ta sake watsa ta da ƙarfi, kowa ya ji. Kullum da ƙarfe bakwai na safe suna haɗuwa a kanta su gaisa. Wani dattijo ke jan zaman, Yaya ya sa masa suna Mai Tari saboda ba ya gama jimla bai gyara murya ba. Yakan kira lambobi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi yadda ya tashi: wannan ruwa ya cinye masa hanya, wancan gwiwa ta hana shi barci, wani ya ɗaura sabuwar eriya iska ta kayar. A ƙarshe sai Mai Tari ya ce, "Akwai sabon da bai shigo ba? Muna saurare." Ya ɗan dakata, sannan ya rufe.

Rubutun fuskar oba-obar ƙanana ne, idon Yaya ba ya kama su, don haka ya kawo mini ita shago in saita masa. Ni gyaran waya nake yi, shekara ashirin ke nan, kuma ba na son a nuna mini aikina. Ranar shagon cike yake. Na karɓi takardar da ya rubuto lambobin tashar rifitar a kai, na danna ta farko, nan take muka ji wasu mutum biyu suna hira a kan batir. Na miƙa masa.

"Li-li-littafi ya ce la-lamba bi..."

"Biyu, na sani," na ce. "Wannan tsohon yayi ne, Yaya. Na zamani da kansu suke nemo ɗayar. Ba ga shi kana jinsu ba?"

Ban sani ba. Faɗa kawai na yi don layi ya ragu.

Washegari ya yi wanka, ya sa rigar da yake zuwa biki da ita, ya zauna a bakin gado tun bakwai saura kwata. Ya rubuta abin da zai faɗa a bayan ambulan. Da Mai Tari ya tambayi ko akwai sabo, sai ya danna maɓallin gefe, 'yar fitila ta yi ja, ya yi ta kokawa da lambar kiransa har ya fitar da ita. Ya saki maɓallin. Abin da ya ji shi ne Mai Tari yana cewa, "To, babu. Sai gobe in Allah ya kai mu."

Bayan mako biyu ya dawo shago, ya tsaya a gefe har na sallami mutane, ya tambaye ni ko na tabbata suna jinsa. Na karɓa, na danna, na nuna masa fitilar.

"Ka ga ja? To tana aikawa. Kai ma ka sani, mutanen nan ba su da lokaci. Kafin ka fitar da harafi ɗaya sun rufe. Ka riƙa sauri."

Ya gyaɗa kai. Bai yi musu ba, domin abin da na faɗa ya yi daidai da duk abin da ya sani game da mutane. Shekara sittin da 'yan kai ana wuce shi a tsakiyar kalma, me zai sa na cikin iska su bambanta? Da wani ne da ya je taron ƙungiyar na wata-wata ya yi ƙorafi. Yaya da shiga ɗaki cike da baƙi ya gabatar da kansa, gara ya sake hawa tsanin nan tamanin da ciwon baya.

Na ɗauka zai jefa ta a durowa. Wata safiya, wajen wata na huɗu, na biya in kai masa maganin hawan jini da 'yarsa ta bar mini. Ina isa bakin taga na ji murya a ɗakin, na ɗauka baƙo ya yi. Na tsaya. Muryar Yaya ce, amma ban taɓa jin ta haka ba. Zaman safe ya ƙare, layin ya yi tsit, shi kuwa ya danna maɓalli yana magana tiryan-tiryan, babu buga cinya, babu tsayawa. Yana ba su labarin yadda gari yake daga sama in hadari ya taso, yadda ake ganin ruwa yana tahowa unguwa-unguwa kafin ya iso. Ya ce wa mai ciwon gwiwa ya gwada ruwan ɗumi da tawul, haka matarsa take yi masa. Ya ce wa mai eriya ya ɗaure ta da waya uku, ba biyu ba, shi ya san halin iska. Sannan ya faɗi lambarsa kamar yadda doka ta ce, ya yi musu sallama.

Raina ya ɓaci, amma da su. Na ce a zuciyata, ji 'yan girman kai, dattijo yana ba su shawara ko su ce masa sannu. Na ajiye maganin a bakin ƙofa na tafi don kada ya san na ji. Da na gaya wa 'yarsa sai ta ce ai kullum haka yake yi.

"Ya ce tunda ba su kula shi ba, ba ya jin tsoronsu. Amma Baba ƙarami, da ka ga yadda yake zuba wa abin nan ido in ya saki maɓalli. Har yanzu jira yake wani ya amsa."

A wata na bakwai batirin ya daina riƙe caji, 'yarsa ta kawo mini oba-obar. Tana kan teburina wata mata ta shigo da waya mai fasasshen gilashi. Malamar lantarki ce a wata kwaleji, ashe 'yar ƙungiyar ce. Ta ga oba-obar ta ɗauka, kamar yadda mai son kyanwa ke ɗaukar ta maƙwabta. Ta ɗan daddanna sai ta ɗago.

"Wa ya saita wannan?"

"Ni," na ce, har da gyara zama.

"To mai ita bai taɓa shiga rifita ba, ko sau ɗaya."

Ta yi mini bayani a tsaye. Rifita tana saurare a lamba ɗaya, tana watsawa a wata. Dole a gaya wa oba-oba ta riƙa ji a wannan, in an danna maɓalli ta koma waccan, a kuma sa mata wani siririn sauti da ke buɗe rifitar. Ni lambar ji kawai na sa. Duk abin da Yaya ya faɗa yana fita ne ta inda rifitar ba ta saurare, ya yi 'yar tafiya cikin kwarin ya mutu a tsakanin kwantenoni.

"Tun yaushe yake fama?" ta tambaya.

Na gaya mata. Ta dube ni, ta gyara saitin. Ko minti ɗaya ba ta yi ba.

Kwana biyu oba-obar tana aljihuna na kasa kai masa. Kunya nake ji, irin wadda ke hana mutum cin abinci. A rana ta uku na je da sassafe, na same shi a bakin gado da rigar nan, ko da yake babu abin da zai riƙe. Na zauna a kujerar roba na faɗa masa komai, ban rage ba. Karo na farko a rayuwata na yi shiru na jira ya amsa. Ya miƙo hannu. Ya karɓi oba-obar ya kunna.

Aka yi gaisuwa, aka zagaya. Mai Tari ya gyara murya ya ce, "Akwai sabon da bai shigo ba? Muna saurare."

Yaya ya danna. Haɓarsa ta kama rawa. Harafin farko ya fito, na biyu ya tsaya masa a maƙogwaro, ya runtse ido, hannunsa na hagu yana dukan cinya. Ya saki maɓallin. Oba-obar ta yi wani ɗan ƙara, kit, wanda bai taɓa ji a bayan maganarsa ba.

"Mun ji ka, ɗan'uwa," in ji Mai Tari. "Sannu da zuwa. Ƙaraso lambar, kada ka yi gaggawa. Muna nan."

Suka jira. Wallahi sun jira, mutum kusan ashirin, babu wanda ya saka baki. Ina jin agogon bango. Gumi ya jiƙa wuyan rigar Yaya. Ya sake dannawa, numfashinsa kawai ya shiga iska, ya saki. Muryar malamar nan ta shigo, ta faɗi lambarsa cikakkiya, wadda ta karɓa a wurina a shago, ta ce ta san da zamansa, a sa shi a jerin gobe. Mai Tari ya ce an sa, suna maraba, sannan ya rufe.

Daga baya ya miƙo mini oba-obar, ya ɗauki lokaci mai tsawo kafin maganar ta fito, ni kuma na danne bakina.

"Ma-mayar mini da ita ya-yadda take."

"Haba Yaya! Ba ga shi sun amsa ba? Abin da kake nema ke nan fa. Gobe za ta fi sauƙi."

Ya girgiza kai. Ya ce da can ya ɗauka suna jinsa suna ƙyale shi, shi ya sa bakinsa ya saki. Yanzu suna jira, kuma jiran ya fi ƙarfinsa. Ya ce duk abin da yake da shi na faɗa ya riga ya faɗa musu, labarin sama, labarin matarsa, komai, ba zai iya sake farawa daga harafin farko ba.

Na yi masa magiya, na yi faɗa, na ce zan zo kullum in zauna kusa da shi. Hannunsa dai yana miƙe. Na karɓa na cire lamba ta biyu, na mayar masa.

Washegari na dawo da bakwai saura, na ce ko zai sake tunani. Mai Tari ya bi jerin har ya iso lambar Yaya, ya kira ta sau biyu, ya ce, "Muna jiranka, ɗan'uwa." Yaya bai motsa ba. Aka rufe zaman, layin ya yi tsit, lokacin da ya saba yin maganarsa ya yi. Ya ɗaga oba-obar zuwa bakinsa, yatsansa a kan maɓalli, ya daɗe a haka. Yanzu ya san babu kowa a can. Ya sauke ta a hankali, ya kashe, ya tambaye ni da hannu ko zan sha shayi.